Dashe ba shi da wuya, reno ne aiki — Jawabin wani tsohon ma'aikacin gandun daji ga matasan Malali

A wata Lahadi bayan sallar La'asar, daidai lokacin da damina ke ban kwana, 'yan uwa matasa na unguwar Malali da ke cikin garin Kaduna suka gayyato wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda ya yi ritaya, domin ya yi masu bayani a kan yadda ake kula da itatuwa da fangulan lambu na cikin gida. An yi zaman ne a farfajiyar wata makarantar Islamiyya, kuma wasu 'yan uwa daga Badarawa da Unguwar Dosa da Unguwar Rimi sun samu halarta. Dalilin gayyatar kuwa ba ɓoyayye ba ne. Damina biyu ke nan a jere matasan suna haɗa kuɗi suna sayo dashe, suna shukawa a makarantar da ƙofofin gidajensu, amma kafin watan Maris ya ƙare sai a tarar babu abin da ya saura sai ƙirare a tsaye. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan yabo ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), dattijon ya fara ne da tambaya. Ya ce duk wanda ya dasa itace a daminar bara ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi da yawa. Sai ya ce to, wanda nasa ke raye har yau ya bar hannunsa a sama. Mutum uku kacal suka rage. Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "'Ya'yana, wannan ba abin dariya ba ne. Kuɗin da kuka tara kun binne su, ruwan da kuka ɗebo ya tafi a banza, kuma mafi muni shi ne yaran da suka ga kuna dasawa sun koyi cewa shuka abu ce da ake yi ranar taro a ɗauki hoto a watse."

Ya ce duk musulmi ya sha ji daga bakin malamai cewa dashen itace sadaka ce mai gudana, mutum ya ci, tsuntsu ya ci, dabba ta sha inuwa, duk ana rubuta wa mai shukar. Amma ya ja hankalin 'yan uwa da cewa itacen da ya mutu yana wata biyar babu wanda ya ci ɗansa, babu wanda ya zauna a inuwarsa. Saboda haka mai neman wannan lada sai ya ɗaura ɗamarar rani biyu na farko, domin a nan ne ake rabuwa tsakanin mai shuka da mai wasa da ƙasa.

Garin da sunayensa ke tuna itatuwa

Daga nan sai ya ɗan taɓo tarihi. Ya ce a 1917 ne Turawan mulkin mallaka suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, kuma a lokacin wannan yanki daji ne. Ya ce duk mai shakka ya saurari sunayen unguwanni: Unguwar Rimi, Kurmin Mashi, Kurmin Gwari. "Ku je Kurmin Mashi yau ku nemo mini kurmin," in ji shi. Ya ce su kansu manyan maɗatai da mangwarorin da suka yi wa tsofaffin titunan garin rumfa, wasu mutane ne da suka daɗe da rasuwa suka dasa su suka yi ta ba su ruwa, mu kuma muka taso muka tarar da inuwa kamar daga sama ta faɗo.

Ya ba da misali da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Ya ce da yawa sun ɗauka itacen ƙasar Hausa ce tun fil azal, alhali kuwa asalinta daga yankin Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu har ta zama babu garin da babu ita. Haka itacen turare da ya cika dajin gwamnati na Afaka, kusa da filin jirgin sama, asalinsa daga Ostireliya ne. Ya ce abin da yake so a fahimta shi ne ƙasa da mutum ɗaya ya tarar fili, jikansa na iya tarar da ita daji, haka kuma akasin hakan.

Ya koka ƙwarai a kan sabon yayin da ya shigo, inda mutum zai sayi tsohon gida mai itatuwa a Malali, abu na farko sai ya kirawo mai injin yanka ya share su, ya malale tsakar gidan da siminti ko intalok tun daga ƙofa har katangar baya. In watan Maris da Afrilu suka zo, zafi ya doshi awo 40, simintin ya sha rana wuni guda, da dare ya dinga amayo zafin cikin ɗakuna, ga shi ba wuta. In kuma damina ta sauka, ruwan da ya kamata ƙasa ta shanye ya ciyar da rijiya, sai ya kwarara titi ya nufi kogi gaba ɗaya. Ya tunatar da manyan da ke wurin ambaliyar kogin Kaduna ta watan Agustan 2003, wadda ta shiga gidajen da ke kusa da gaɓa, har da na ɓangaren Malali. Bai ce siminti ne kaɗai ya jawo ta ba, amma ya ce duk gidan da ya toshe ƙasarsa ya ƙara wa na gangare kaya.

A fara sanin ƙasa da lokaci

Da ya shigo kan aikin kansa, ya ce kuskuren farko da matasan suka yi shi ne lokaci. Ya ce Kaduna na samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, daga ƙarshen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kuma wannan ruwa ne mai yawa idan aka kwatanta da Katsina ko Sakkwato. Amma bayan haka wata biyar zuwa shida ne ba ɗigo, ga hunturu da iskarsa mai busar da komai. Wanda ya dasa a ƙarshen Agusta ko Satumba, dashen nasa bai gama kafa saiwa ba ruwa zai ɗauke. Lokacin dashe shi ne watan Yuni zuwa farkon Yuli, da ruwa ya zauna, domin shukar ta samu wata uku ko huɗu tana sha kyauta. Kuma a dasa da yamma, kada a dasa da tsakar rana.

Kuskure na biyu rami ne. Ya ce ya zagaya ya ga inda aka dasa na bara, ramukan ko tukunyar miya ba za su ɗauka ba. Ƙasar tudun Malali ja ce, mai tauri in ta bushe, wani wurin ma in ka yi ƙasa kaɗan sai diga ta ci karo da marmara. Ga kuma ɓaraguzan bulo da siminti da magina ke binnewa a tsakar gida. Ya ce a haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu tsawo, ƙafa biyu zurfi, wato kimanin santimita 60 ta kowane ɓangare. A ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cakuɗa ta saman da ruɓaɓɓen taki kamar bokiti ɗaya ko biyu, ita za a fara mayarwa cikin ramin. In an tarar da marmara a fasa ta, in ta gagara a canza wuri. Ya ba da wata dabara mai sauƙi: a cika ramin da ruwa da yamma, in da safe an tarar ruwan na nan kwance, to kada a sa gwanda ko lemo a wurin, saiwarsu za ta ruɓe a watan Agusta.

Sai ya ɗauko wani dashe da aka ajiye a gabansa ya nuna baƙar ledar da ke jikinsa. Ya ce ya sha tono mataccen dashe ya tarar da shi cikin ledarsa, saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. A yanke ledar da reza a cire ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a ajiye shukar daidai zurfin da take a cikin ledar, kada a binne mata wuya, a danne ƙasar da ƙafa, a yi mata kwami a zagaye, a ba ta ruwa nan take ko da hadari ya haɗo.

Zancen ruwa

A nan ne dattijon ya fi daɗewa, domin ya ce ya san uzurin da kowa zai kawo ke nan. Ya ce abin mamaki ne a ce matatar ruwan da ke shayar da arewacin gari tana nan Malali, kogi kuma yana bayan gida, amma gidaje da yawa sai sun sayi ruwa wurin 'yan garuwa ko sun yi layi a rijiyar burtsatse. Ya ce bai zo ya ce wa kowa ya hana iyalinsa ruwan sha ya ba mangwaro ba. Abin da zai nuna shi ne ruwan da ake zubarwa a banza ya ishi lambu.

Ya tambayi shugaban makarantar, ɗalibai nawa ke alwala a nan kullum, kuma ina ruwan ke zuwa? Aka nuna masa wata 'yar kwata da ta bi ta ƙarƙashin katanga ta fita waje, inda ta yi taɓo a bakin hanya. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan alwala ba sabulu a cikinsa, ba maiƙo, babu ruwan da ya fi shi dacewa da shuka. A gyara wurin alwalar ya zama ruwan na gangarawa cikin wani fangali da aka dasa ayaba ko gwanda ko ciyawar shayi a gefensa, ko kuma a tara shi a rabin duro a riƙa ɗiba da yamma. Haka a gida, ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye da na ɗauraya ta ƙarshe. Wanda ya hana shi ne ruwan wanki mai garin sabulu da bilic, da ruwan da ya fito daga bayi, da ruwan kwata. Ya yi kashedi mai ƙarfi a kan ba latas da karas da kabeji ruwan kwata, domin ɗanye ake cin su, kuma ta nan ne taifot da ciwon ciki ke shiga gida.

Game da yadda ake ban ruwan kuwa, ya ce yawancin mutane yayyafi suke yi, su jiƙa saman ƙasa kullum su tafi. Wannan yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jiran yayyafin, ranar da aka yi fashi kwana uku sai ta ƙone. Ya ce ƙaramin itace a cikin rani a ba shi kamar lita 20 a zuba guda, sau biyu ko uku a mako, a hankali, ruwan ya nutse ƙasa, saiwar ta bi shi. Da sassafe ko da yamma. Ganyaye irin su alayyafo da latas su ne ke son ruwa kullum, domin saiwarsu ba ta da nisa. Kuma kafin a zuba a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a bari sai gobe, domin yawan ruwa na kashe shuka kamar yadda ƙishi ke kashe ta, ballantana ma almubazzaranci da ruwa abin ƙi ne ko da a bakin kogi mutum yake.

Ya kawo dabarar tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya kusa da shukar, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba, iska ba ta ɗauka ba. Wanda ba shi da tulu ya huda gorar roba ƙananan huji ya binne. Rufe bakin kuwa wajibi ne, haka duk duro da tsohuwar tayar da ke cikin lambu, saboda sauro a ruwan da ke kwance yake ƙyanƙyasa, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi. Ya ce kada wani ya shuka zogale don lafiya ya ɓuge da kiwon zazzaɓi.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne rufe ƙasa. Ya ce ganyen mangwaro da na darbejiya da ake sharewa kowace safiya ana cinna wa wuta, a daina. A tara shi a gindin shuka kaurin yatsa huɗu, ko busasshiyar ciyawa, ko ɓuntun shinkafa. Yana hana rana shanye danshi, yana hana ciyawa fitowa, in ya ruɓe kuma taki ne. Sai dai a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, saboda gara.

Taki da fangali

Ya ce ɗanyen kashin kaji wuta ne, ya ga wanda ya zuba wa gwandarsa shi don ƙauna, kwana uku ta kwanta. Kashin kaji da na awaki da na shanu duk sai sun ruɓe. A haƙa rami a lungun gida, a riƙa zuba busasshen ganye, a bi shi da kashin dabbobi, da ɓawon kayan miya, da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina zafi da wari, shi ke nan ya nuna. Ya gargaɗi masu kwaso ƙasar bola da su lura, domin bolar yanzu ba jujin da ba ce, cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, kuma bai dace a shuka abin ci a kansu ba.

Takin zamani kuwa ya ce ba haramun ba ne, amma a san shi. Kamfa, wato NPK 15-15-15, da yuriya wadda sinadarin nitrojin ɗinta ya kai kashi 46 cikin 100, duka biyun gishiri ne, in suka taɓa jikin ƙaramar shuka ko aka zuba su a busasshiyar ƙasa ƙone ta za su yi. Cikin kwalin ashana ɗaya ya ishi ƙaramin dashe, a zagaya shi nesa da gindi, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa.

Fangali kada faɗinsa ya wuce mita ɗaya ko da ɗan ɗoriya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba. Da damina a ɗaga shi sama ruwa ya wuce, da rani a yi shi kwami ya riƙe ruwa. Hunturu lokacin latas da karas da kabeji da albasa da tumatir ne, damina kuma ta kuɓewa da rama da yakuwa da lalo. Kada a maimaita tumatir ko tattasai ko attaruhu a fangali ɗaya shekara da shekaru, 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, a riƙa sa wake ko gyaɗa a tsakani. Wanda yake gidan haya ba shi da ƙasa, buhun siminti da aka wanke ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa zai ba shi na'ana'a da ɗoɗɗoya da alayyafon da za a yi miya.

Itace da haƙƙin maƙwabci

Daga nan ya shiga abin da ya ce ya fi jawo rigima a unguwa. Dashen da ka riƙe da hannu ɗaya yau, bayan shekara goma sha biyar sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye shi. Mangwaro na son tazarar kamar mita 10 tsakaninsa da ɗan uwansa, kuma kada ya kusanci gini ko katanga ƙasa da mita 5 ko 6. Cediya da durumi da gamji itatuwan dandali ne, saiwarsu na tsaga harsashin gini ta shiga sokawe. Turare da malaina kada su kusanci rijiya. Ƙaramin gida ya tsaya a kan gwanda da gwaba da lemun tsami da rumman da zogale, shinge kuma a yi da lalle, mata su ji daɗi. Kuma kafin a haƙa rami a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Ya ba da labarin wasu maƙwabta biyu da ya sani, waɗanda suka shekara ba sa gaisawa, har sahu ɗaya ba sa son tsayawa, a kan reshen mangwaron da ya ratsa katanga yana zubar da ganye a kan kwanon ɗakin ɗayan har ya ruɓe ya fara yoyo. Ya ce mai itacen ya riƙa cewa ai sadaka yake yi da inuwa. "Wace sadaka ce za ka yi da rufin ɗakin wani?" in ji dattijon. Wannan magana ta ratsa wurin, domin da alama akwai waɗanda ta taɓa. Ya ce mai itace shi ke da alhakin rage rassansa kafin a yi masa magana, in kuma ya yi 'ya'ya a fara kai wa maƙwabcin da ya sha share ganyen.

Rage rassan ma da ƙa'idarsa. Mangwaro bayan an gama cin 'ya'yansa ake rage shi, da zarto ko adda mai kaifi. Babban reshe a fara yanka shi ta ƙasa kaɗan, sannan ta sama, don kada nauyinsa ya ɗaye ɓawon itacen, daga baya a gyara kututturen daidai wuyansa. Duk inda aka ga kauci ya kama reshe a sare reshen can baya da inda ya kama, domin ruwan itacen yake tsotsa. Zogale in ya kai kafaɗa a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Mangwaro ko lemo mai aure na fara haihuwa a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai biyar zuwa takwas, kuma ba lallai ya gado zaƙin uwarsa ba. Amma mai aure a lura da tohon da ke fitowa ƙasa da wurin haɗin, a riƙa cire shi, in aka bar shi zai rinjayi na saman a koma gidan jiya.

Ƙwari da guba

Game da ƙwari ya ce zamani ya canza. Tun wajen 2004 wani baƙon ƙuda ɗan asalin Asiya ya shigo Afirka ta Yamma, shi ne ke sa a yanka mangwaro mai kyau a tarar da tsutsa. Maganinsa na farko tsafta ne, a tsince duk wanda ya faɗo a binne da zurfi, ko a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana. Ya kuma tuna wa mutane 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Amma ya ce a tsakar gida, inda yara ke rarrafe kaji ke kiwo, ba wurin feshin guba ba ne. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa Gamalin ake watsa wa komai, har kifi ake kamawa da shi, sai a 2009 duniya ta haɗu ta hana amfani da sinadarinsa a noma. Irin su ota-fiyafiya da ake sayarwa a kwalabe ba suna ba awo, ya ce kada su kusanci ganyen da za a ci. Ga darbejiya a ƙofar gida. A tsinci 'ya'yanta a wanke a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma sama da ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, saboda haka mai gaggawa kada ya ce bai yi aiki ba. Gara kuwa ta fi kama shukar da ƙishi ya raunana, ban ruwa a kan kari da toka a gindi na rage ta. Babban ƙwaron unguwa dai, in ji shi, akuya ce, kuma maganinta keji ne na ƙaya ko tubali ko ragar waya, tun ranar dashe.

Ya ja kunne a kan wasu tsirrai masu guba da ake bari a gidaje, kamar bini-da-zugu da zurman, waɗanda 'ya'yansu ke kama da gyaɗa a idon yaro. Zaƙami kuwa ya ce duk inda ya fito a tumɓuke shi, kowa a nan ya san abin da ya yi wa samari da yawa, wal iyazu billahi.

Lokacin tambayoyi

Wani ɗan uwa ya tambaya, "Baba, gwandata ta girma tana ta fure amma ba ta haihuwa, wai an ce in soka mata ƙusa." Dattijon ya ce gwanda akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyun. Mai furanni da yawa a kan dogayen silla shi ne namiji, ƙusa kuma ba ta mayar da namiji mace. A shuka uku a rami guda, in sun yi fure a bar mai haihuwa a cire sauran, a bar namiji ɗaya a gidan ko a maƙwabta saboda barbara.

Wani kuma ya ce a filin da ke bayan makarantar akwai kututturan itatuwan da aka sare suna ta toho, ko a tone su a dasa sababbi? Ya ce a kul. Ya ba da labarin yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda aka yi ta dashe yana mutuwa, har a 1983 wani ma'aikaci ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sassabewa duk shekara itatuwa ne masu rai da tsohuwar saiwa a ƙasa. Sai aka koma zaɓen toho mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran, abin da manoman can ke kira sassaben zamani. Ya ce an ƙiyasta ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kututturen da ke bayan makarantar saiwarsa ta riga ta kai ga danshi, ba ya buƙatar jarka ko ɗaya, a bar masa toho biyu ko uku a kare shi daga awaki.

Da aka tambaye shi guda nawa ya kamata su dasa a damina mai zuwa, ya ce kada su ƙirga da kuɗin da ke asusu, su ƙirga da mutanen da za su ɗauki jarka a watan Maris. Kowane dashe a rubuta sunan mai shi a littafi, da sunan wanda zai tsaya masa in ya yi tafiya ko ya koma makaranta. Ya ce ukun nan da suka rayu daga na bara su ma ba su tsira ba tukuna, rani na biyu na gabansu.

Nan take aka fito da littafi, mutum goma sha ɗaya suka ba da sunayensu. Aka kuma tsayar da cewa ranar Asabar bayan sallar Asuba za a haɗu da diga da shebur a karkatar da ruwan wurin alwala zuwa cikin farfajiya, a haƙa ramin taki a bayan ajin ƙarshe. Dattijon ya yi alkawarin kawo irin zogale da 'ya'yan ayaba biyu daga gidansa. An rufe zaman da addu'a gab da kiran sallar Magariba.